Ruwan Buta a Tulun Jami'a

Bana ma ruwa ya yi nawa. Mun yi shuka da yayyafin farko, gero ya leƙo, ya tsaya yana kallonmu muna kallonsa. Kullum la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya da gudu, sai iska ta taso ta watsa hadarin, a wayi gari sama fes kamar an wanke ta. Ana cikin wannan hali ne wani tsohon direban jami'a da muka yi zamani tare ya biyo ta nan Ruwan Bago, ya miƙo mini jaridar ma'aikata ta wannan wata. Yanzu har hotuna masu launi suke sa mata, takarda mai santsi. Na buɗe, na ci karo da wani farfesa ana taya shi murnar ajiye aiki, ga furfura ga babbar riga. Malam Sidi ne. Na rufe na tura ta ƙarƙashin tabarma. Shi wanda ya kawo mini a ganinsa alheri ya yi.

Ni ba marubuci ba ne. Aji biyar na yi a firamare, mahaifina ya rasu, aka ce in dawo gona. Abin da na tsira da shi iya rubuta lamba ne, da haɗa baƙin Turanci a hankali kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Wannan guntun karatun shi ya jawo mini komai.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne jif ɗin jami'a ta fara shigowa garinmu. Jami'ar tana can kudu da mu, tafiyar rabin yini a mota in hanya ta yi kyau. Masu binciken noma ne, suna so su san yawan ruwan da ke sauka a ƙasarmu. Suka kafa ma'auni uku: ɗaya a nan, ɗaya a Fulatan, ɗaya a Yola ta Karaye. Wani gwangwanin ƙarfe ne mai mazurari a baki, da kwalba a ciki, an zagaye shi da waya a gefen gonar Baffa Tanko, yayan mahaifina, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar. Mutanen gari suka sa masa suna tulun jami'a. Da aka nemi mai iya rubutu, Baffa ya turo ni gaba. Ina da shekara ashirin da ɗoriya, ban daɗe da auren Hajara ba.

Malam Sidi shi ne mai zagaya tulunan. A lokacin saurayi ne siriri mai agogo, da biro uku a aljihu. Ya nuna mini aikin sau ɗaya.

“Kullum da hantsi ka buɗe, ka juye abin da ke cikin kwalbar a gilashin nan mai zane, ka duba inda ya tsaya, ka rubuta. In babu komai ka sa sifiri. Ka gane, Inuwa?”

“Na gane, ranka ya daɗe.”

“Yanzu kai na wucin gadi ne. In ka yi damina biyu lafiya, za a tabbatar da kai. Ranar da ka ga sunanka a jaridar ma'aikata, ka zama ɗan gida.”

Duk ƙarshen wata jif ta zo, ta karɓi takardun awo, ta bar mini jaridar. A wancan zamani wasu 'yan falle huɗu ne da aka buga da keken rubutu, an maƙale su da ƙarfe, suna warin tawada. A shafin ƙarshe ake jera mutane: waɗanda aka ɗauka, waɗanda aka ƙara wa girma, waɗanda aka tabbatar, waɗanda aka sallama. Daga nan nake fara dubawa, da yatsa, layi layi. Sannan in ɗauka in tafi gindin durumin ƙofar gida, inda dattawa ke zama bayan la'asar, domin Baffa ya mai da abin al'ada. Sai na fassara musu.

Nan suka san an kawo sabon likitan ƙasar noma daga ƙasar waje, shi da matarsa. Suka san an buɗe sabon ɗakin cin abincin ɗalibai, an yi gasar ƙwallo tsakanin masu dafa abinci da masu gadi, karen wani Bature ya ɓata ana cigiya. Yaya Sale, babban ɗan Baffa, shi ne mai tsokana. Ya ce, “To Malam Inuwa, kare ma ya shiga jarida, kai sai yaushe?” A yi dariya. Ni ma in yi, amma ta ciki na ciki.

Daminar farko ta zo da ƙaranci, amma an ɗan samu. Littafina ya cika da lambobi. Ta biyu ce ta tona mana asiri.

Mun yi sharar gona da wuri. Muka ƙone kara da ƙaya, muka kwashe takin turke a mangala, jakuna suna haki. Bazarar shekarar ban taɓa ganin irinta ba. Da hantsi ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Kaji su buɗe baki su kwanta a gindin rumbu, ko ka kore su ba sa tashi. Shamuwa ta zo a kan lokacinta, ta sauka kan rimin bayan masallaci, tsofaffi suka ce alhamdu lillahi, ruwa ya kusa. Ta yi sheƙa ta zauna, ita ma tana jira kamar mu.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da yamma. Har yau ina jin ƙanshin ƙasar nan. Washegari gari ya fashe, kowa ya nufi gona. Mu a gidanmu gayya muka yi: maza a gaba da sungumi suna sara, mata da 'yan mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kwana biyu muka gama gero da dawa. Na auna ruwan nan na rubuta cike da murna.

Daga shi sai shiru. Kwana bakwai, kwana goma, sati uku. Tsiron ya fito kore shar, ya fara nannaɗewa da rana yana warwarewa da dare, daga baya ya daina warwarewa. In ka murza shi a hannu sai ya zama gari. Aka sake samun wani yayyafi, wanda ko ƙura bai gama kashewa ba, muka yi kasada muka sake shuka. Ita ma ta bi 'yar'uwarta. Baffa ya hau rumbu da kansa, ya sauko da zangarniyar da ya rataye ta iri, ya juya ta a hannu ya ce, “Saura shuka ɗaya. Daga ita sai na Allah.”

A cikin gida abubuwa suka fara ja da baya a hankali. Da farko furar rana aka daina. Sannan ɗumamen safe ya zama koko tsararo. Tuwon dare kuwa malmalar sai ƙanƙancewa take, har ya zama kana iya rufe ta da tafin hannu. Mata suka shiga daji neman tafasa da rama, amma ciyawar ma ba ta fito ba, sai ganyen zogale da na kuka da ake ta tsigewa har itatuwan suka koma tsirara. Dusar da muke ba awaki aka fara tankaɗewa ana haɗawa da gari. Rijiyar unguwarmu ta ja ƙasa, muka ƙara wa guga igiya sau biyu, daga baya sai laka take kawowa. Hajara ta koma zuwa fadama tun da sassafe, ta dawo da tulu ɗaya rana ta take, ga ciki wata shida.

Ni kuwa kullum da hantsi in je in buɗe tulun jami'a, in ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakin mazurari. In rubuta sifiri. Gobe sifiri. Jibi sifiri. Shafi guda cur, daga sama har ƙasa.

Wanda bai yi boko irin nawa ba ba zai gane abin da wannan shafin yake yi mini ba. A ajinmu sifiri bulala ce. Duk wanda malam ya zana wa shi a littafi, ya san bai yi komai ba, ya miƙo hannu. Kuma ni ɗan gona ne: in aka sa ka kunya goma ka yi, ana ganin kunya goma. Aikin da ba a ganin komai a cikinsa, a wurinmu ba aiki ba ne. Sai na riƙa kallon takardar ina jin kamar shaida ce nake tara wa kaina.

Ƙarshen wannan watan Malam Sidi bai zo ba, direba kaɗai aka aiko, wani mai surutu da ake kira Ɗan'azumi. Ya karɓi takardata ya duba, ya yi tsaki.

“Kai ma duk ƙwai ka zuba? Wancan watan da na kai na Fulatan, akawu ya ɗaga takardar yana dariya, ya ce wannan ai kwana yake yi ana ba shi albashi.”

“To ruwan ne babu. Ni zan yi shi?”

“Ni ina ruwana. Ni dai na ji ana cewa za a rage 'yan wucin gadi. Wanda ba shi da abin nunawa, da shi za a fara. Duba bayan jaridarka.”

Na duba. Ƙarƙashin waɗanda aka sallama, sunaye sun kai rabin shafi: leburori, masu shara, masu gadin gonar gwaji. Ban san ko ɗaya ba, amma na karanta su duka har sau uku. Ƙarƙashin waɗanda aka tabbatar, mutum biyu kacal.

Da la'asar a gindin durumi ban karanta musu wannan ba. Na karanta musu sanarwar da ke shafin farko, cewa saboda ƙarancin ruwa ana roƙon mazauna gidajen malamai su rage ban ruwan furanni zuwa sau ɗaya a rana.

Baffa ya ce, “Furannin nan ci ake yi?”

Na ce, “A'a, Baffa, kallo ake yi.”

Ya girgiza kai. Can ya ce, “Allah mai iko.” Ranar ko Yaya Sale bai yi dariya ba.

A satin ne magana ta tashi a gari cewa tulun jami'a ne ya kore ruwa. Wai tun da aka fara auna rahamar Ubangiji da gilashi, ta ɗauke. Wasu samari suka ce za su tumɓuke shi kafin a fita roƙon ruwa. Aka taru a ƙofar liman, ni ina rakuɓe a baya, na san in aka cire tulun nan an cire ni. Baffa ne ya miƙe. Mutum ne da ba ya ɗaga murya.

“Ku ji tsoron Allah. Gwangwani ne zai tare hadari? Garuruwan da ba su da tulu, ruwa ake yi musu? A gonata yake, ɗana ke kula da shi, amana aka ba shi. Wanda zai taɓa shi ya fara da ni.”

Liman ya goyi bayansa, magana ta mutu. Muka yi azumin kwana uku, wanda dama kusan shi muke yi ba niyya. Rana ta huɗu muka fita filin idi, manya da yara, da tsofaffin riguna, ba mai turare ba mai ado. Liman ya yi salla, ya juya mayafinsa, muka juya namu. Tsofaffi suna kuka a fili. Da yamma hadari ya haɗo irin wanda ba mu taɓa gani ba, har da tsawa. Aka fito da ƙore da tukwane aka jera. Sai iska. Ta ɗauke jinkar ɗakuna biyu ta tafi da hadarin yamma. Ɗigon da ya sauka ana iya ƙirga shi a kan ƙasa.

Washegari bayan sallar asuba ban koma gida ba. Na zarce gona da butata a hannu, da sauran ruwan alwala a ciki. Ban fito da niyyar komai ba, ko kuwa haka nake gaya wa kaina. Na buɗe tulun, ƙasan kwalbar da ɗan danshi, bai kai a juye ba. Na tsaya. Na ce a raina, jiya kowa ya ga hadari, an ji tsawa har Rogo. Wa zai ce ba a yi ruwa ba? Amma in rubuta lambar da ban auna ba, wannan ƙarya ce, kuma ni ɗan gidan Baffa Tanko ne. Sai shaiɗan ya kawo mini dabara mai tsabta. Na karkata butar a bakin mazurari, na tsiyaya. Na rufe, na tafi gida na sha koko. Da hantsi na dawo kamar kullum, na buɗe, na juye a gilashi, na duba zane da kyau, na rubuta abin da na gani daidai, ban ƙara ba ban rage ba. Ko Alƙur'ani aka ɗora mini zan iya rantsuwa cewa abin da na tarar a kwalba na rubuta.

Ka ji wautar mai guntun ilimi. Jahili ba zai yi ba, don bai san abin da takarda take so ba. Mai ilimi ba zai yi ba, don ya san abin da take so. Sai irina.

Ban riƙa yi kullum ba, ina da wayo. Sai ranar da aka kwana da hadari. A cikin sati biyar na yi sau bakwai. Shafina ya yi kyau, lamba nan, sifiri nan, kamar na shekarar arziki. Hajara ce kaɗai ta kusa kama ni. Wata safiya ta ɗaga butar ta girgiza.

“Malam, alwalar taka ta koma wanka ne? Da ƙafata nake ɗauko ruwan nan fa.”

Na daka mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Ta ajiye butar ta shige ɗaki. Ruwan da mace mai ciki ta ɗauko daga fadama, shi nake zuba wa jami'a.

A tsakanin nan aka sami wani ɗan ruwa na gaskiya, Baffa ya fito da irin ƙarshe muka shuka. Kwana goma sha biyu ya yi a raye.

Ɗan'azumi ya zo ya karɓi takardun, ya duba ya ce, “Yauwa, yanzu ka yi aiki.” Na ji sanyi a raina. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka ina cikin nadama a lokacin. Barci na yi mai daɗi.

Bayan kamar sati biyu, damina ta riga ta raba tsakiya, sai ga jif da wata babbar mota a bayanta, an lulluɓe kaya da tamfol. Suka tsaya a bakin gonar Baffa. Kafin ka ce kwabo gari ya taru, domin labari ya riga su isowa: jami'a tana rabon iri, wani gero mai saurin nuna da wake, wanda in aka sami ruwan wata biyu zai kai. Mutane suka zo da ƙore da buhuna a hammata.

Malam Sidi ya sauko. Ya gaisa da Baffa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi haƙuri da ruwa. Amma idonsa yana kan gona. Ya taka cikin kunyoyin gonar, ya sa dugadugin takalminsa ya tona, ƙasa ta tashi fari fat. Ya tsuguna ya sa hannu har wuyan hannu, ya fito da ita ya murza ta zube. Sannan ya ce, “Inuwa, zo mu duba tulu.”

Muka shiga cikin wayar, mu biyu, ya juya wa jama'a baya. Ya zaro takarduna daga jaka, ya yi ƙasa da murya.

“Irin nan kaɗan ne. Ofis ya ce a kai inda awo ya nuna shuka ta mutu. Fulatan da Yola takardunsu fari ne tas. Taka ta nuna kun sami ruwa sau bakwai a sati biyar. Da wannan ruwan, gero ya isa ya kai gwiwa.” Ya waiwaya ya dubi gonar. “Ina geron?”

“Iska ce, ranka ya daɗe. Tana busar da ƙasa.”

“Iska.”

“I.”

“Ka ji ni da kyau. Duk garin da na je cewa suke ba a yi ruwa ba, don haka ofis ba ya jin baki, takarda yake ji. Ni ba ni da ikon sauke buhu ko ɗaya a kan takardar nan. Amma in wanda ya rubuta ya ce akwai kuskure, ya sa hannu, yanzun nan zan sauke kashi ɗaya cikin uku. Sai dai takardar da ka sa wa hannu tare za mu koma da ita. Ka san abin da za ta jawo maka. Ba zan ɓoye maka ba.”

Ya zaro biro ɗaya daga cikin ukun nan ya riƙe.

Ta saman kafaɗarsa ina hango su. Baffa ya dogara da sandarsa. Yaya Sale da buhu a kafaɗa, ya daina tsokana tun tuni, wuyansa ya zama kamar na zakara. Mata sun tsaya nesa da ƙore. Injin babbar motar da ba a kashe ba yana ta kuka. Na tuna rabin shafin nan na waɗanda aka sallama. Na tuna cikin Hajara. Na tuna Baffa a ƙofar liman yana cewa amana aka ba ɗansa, na ga yadda fuskarsa za ta yi in aka ce ɗan nasa ruwan buta yake aunawa.

“Inuwa, akwai kuskure?”

“Abin da na tarar a kwalba shi na rubuta.”

Ya dube ni har sai da na sunkuyar da kai. Ya mayar da bironsa aljihu.

Ya sani. Wallahi ya sani. Yana da ido, ya tona ƙasa da hannunsa. Da ya ga dama da ya sauke irin ya je ya yi musu bayani, shi da ake jin maganarsa. Amma shi ma yana jiran nasa sunan a shafin ƙarin girma, sai ya ɗora wa ɗan aji biyar kayan ya ce ya zaɓa. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a kansa. Sai dai duk yadda na juya ta, bakin da aka tambaya nawa ne.

Ya fita ya gaya wa Baffa cewa ofis ne ya tsara, wannan zagayen ba mu a ciki, wataƙila na gaba. Bai ambaci takarda ba. Baffa ya ce, “Ba komai, ɗana. Rabon wani ba ya zama na wani. Allah ya kiyaye hanya.” Yaya Sale ya bi motar da gudu 'yan taku, yana dukan tamfol da buhunsa, yana cewa ko tiya ɗaya, ko tiya ɗaya. Sannan ya tsaya. Zagaye na gaba bai zo ba.

Abin da ya fi ci mini rai, bayan kwana shida ruwa ya dawo. Na gaskiya, mai cika kwalba har in juye sau biyu. Ya yi sati shida yana zuba. Mu ba mu da abin sa wa a ƙasa. Wasu suka samo maiwa a kasuwar Rogo suka shuka, ta yi kara ta yi ganye, ruwa ya ɗauke kafin ta fitar da kai. Gonakinmu suka cika da ciyawa kore shar, awaki suka yi ƙiba. Wanda ya je Fulatan ya dawo ya ce geron jami'a ya nuna, gajere ne, bai kai ƙirji ba, amma an yanka. Ba su ƙoshi ba, amma sun ɗaura damma, sun kuma ajiye iri.

Mu kaka ta zo ta same mu a zaune. Ba a ji sakaina a masussuka ba, ba a ji waƙar masu ɗaurin dami ba. Yaya Sale ya kwance ƙofar ɗakinsa ya sayar, ya tattara matarsa da 'ya'yansa huɗu suka nufi kudu neman aikin ƙarfi. Ya ce sai ruwa ya faɗi. A can aka binne shi bayan shekaru, 'ya'yansa ko hanyar garin nan ba su sani ba. Gida bakwai na ƙirga a unguwarmu da aka toshe ƙofarsu da ƙaya. Hajara ta haihu, nono bai zo sosai ba, amma yarinyar ta rayu, domin ni duk wata jif tana zuwa. Da albashin da take kawo mini muka riƙa awo a kasuwa, tiya tiya, gidan Baffa duka. Suna ci suna sa mini albarka.

A watan da ya kamata a ce rumbuna sun cika, Ɗan'azumi ya miƙo mini jarida yana murmushi. Na juya baya. Ƙarƙashin waɗanda aka tabbatar, layi na uku, ga ni nan, da sunan mahaifina, da sunan garinmu. Na nemi na Fulatan da na Yola, su ma suna nan, a layi na huɗu da na biyar. Su da suka aika da fararen takardu. Har da 'yan layuka a ƙasa, ana yaba wa masu kula da ma'aunai na karkara, wai awon da suka yi a wannan mawuyaciyar shekara zai yi amfani ƙwarai. Ashe dama ba wanda zai kore ni. Sifirin shi suke nema.

Na zauna a gefen wayar nan har rana ta karkata. Na yi niyyar in ce jarida ba ta zo ba, amma Ɗan'azumi ya riga ya shelanta wa duk wanda ya gamu da shi.

Dattawan da suka rage a gindin durumi ba su fi biyar ba. Baffa ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya matsa mini wuri a kan buzunsa, abin da bai taɓa yi wa ɗa ba.

“Zauna nan. Karanta mana da bakinka.”

Na karanta. Muryata tana sarƙewa, suka ɗauka murna ce.

“Nuna mini wurin.”

Na ɗora yatsansa a kan layin. Bai san baƙi ɗaya na boko ba, amma ya shafa shi a hankali, ya juya ga sauran.

“Kun gani? Da kun tumɓuke tulun nan fa? Na gaya muku yaron nan mai amana ne. Bana gonar kowa ba ta yi ba, sai tasa.” Ya ɗaga hannu, suka ɗaga. “Allah yadda ka riƙe gaskiyar mutane, Allah ya riƙe ka. Allah ya saka maka da irin abin da ka yi.”

Suka ce amin. Baffa ya juyo ya dube ni, yana jira.

Na ce amin.